Daga Mafara Zuwa Rigasa: Yadda Ake Tsara Tafiya Mai Zango-Zango Da Mota Da Jirgin Ƙasa

Ranar Talata da sassafe, tun rana ba ta yi zafi ba, tashar motar Talata Mafara ta riga ta cika ta batse. Motocin da suka kwaso 'yan kasuwa daga Bakura da Maradun da Jangebe suna sauke kaya, 'yan kamasho kuma sai kiran fasinjan Gusau da Sakkwato suke yi. A cikin wannan hada-hada akan ga magidanci da iyalinsa, ga jakunkuna ga ƙunshin tsaraba, wanda tafiyarsa ta wuce ta gari ɗaya. Yana son ya leƙa 'yarsa da ke aure a Gusau, ya kai mahaifiyarsa ganin likita a Shika, ya nuna wa yara jirgin ƙasa a Kaduna, ya gaida ƙanensa da ke aiki a Abuja, sannan ya biyo ta Kano ya yi sari kafin ya komo gida. Kwana goma gare shi, guzurin kuma kuɗin shinkafar da ya noma a fadamar Bakolori ne.

Ta ina zai fara? A ina zai kwana? Wace hanya ce ta mota, wace ce ta jirgi? Ya tafi da motarsa ko ya shiga ta haya? Waɗannan tambayoyi su ne ke raba tafiyar da ake dawowa ana ba da labarinta da daɗi, da wadda ake dawowa da gajiya da bashi. Su ne kuma tambayoyin da iyali a Jamus ko Faransa ke yi wa kansu idan za su ratsa ƙasashe uku ko huɗu a hutun shekara. Amsoshin ne suka bambanta, domin hanyar Bazamfare tana da nata sharuɗɗa.

Gadon fatake

Tsara tafiya mai zango da yawa tsohon ilimi ne a ƙasar Hausa. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro sukan yi watanni a hanya, kuma ayarinsu yana da shugabanci mai tsari. Madugu ke yanke shawarar ranar tashi da inda za a yada zango. Jagaba yana gaba don ya san hanya. Uban dawaki shi ke shigewa ya shirya da masu gari, a daidaita kan abin da za a biya kafin ayari ya iso. A kowane babban gari kuma akwai fatoma, mai masaukin da ke karɓar baƙo, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da masu saye.

Abin lura a tsarin nan shi ne ba a auna tafiya da tsawon hanya kawai. Ana duba inda ruwa yake, inda aminci yake, da abin da jakuna da mutane za su iya ci a wuni ɗaya. Kalmar zango kanta ta bi Hausawa har Kumasi da Akara, inda unguwanninsu ke amsa wannan suna har gobe. Magidancin Mafara na yau shi kaɗai ne madugu, shi ne jagaba, shi ne uban dawaki. Wayar da ke aljihunsa ta rage masa aiki, amma ba ta ɗauke masa tunanin ba.

Inda mota ke tsayawa, inda jirgi ke karɓa

Babu jirgin ƙasa a Talata Mafara, babu a Bakura, babu a Maradun. Duk wanda zai tashi daga nan, da mota zai fara. Mutumin Bakura yakan fito Lambar Bakura ya hau babban titin Sakkwato zuwa Gusau, na Maradun shi ma sai ya gangaro ya tarar da wannan titi. Daga nan hanya ɗaya ce: Mafara, Maru, Bunguɗu, Gusau, a wuce ta gindin dutsen Kwatarkwashi, Tsafe, Yankara, Funtuwa, Giwa, Shika, Samaru, sai Zariya. Daga Zariya zuwa Kaduna kimanin kilomita 80 ne. Idan aka tara, mutumin Mafara sai ya ci fiye da kilomita 300 a kan kwalta kafin ya taka dakalin tashar jirgin da ke da jadawali tsayayye.

Wannan tasha ita ce Rigasa. Layin Kaduna zuwa Abuja, mai tsawon kilomita 186, Shugaba Muhammadu Buhari ne ya buɗe shi a watan Yuli 2016. Jirgin yana bi ta Rijana da Jere, ya tsaya Kubwa, ya ƙare a Idu. Daga Idu akwai ƙaramin jirgin cikin gari da ke kaiwa tsakiyar Abuja da filin jirgin sama, wanda aka sake farfaɗo da shi a watan Mayu 2024.

Wanda tafiyarsa ta miƙa kudu zai tarar da wasu layuka biyu na zamani. Akwai na Itakpe zuwa Warri da aka ƙaddamar a 2020, sai na Ibadan zuwa Legas, mai kilomita 157, da aka buɗe a watan Yuni 2021. Na biyun yana tashi daga Moniya, ya tsaya Abekuta da Agege, ya ƙare a Ebute Metta, kuma duk garuruwa ne da Hausawa suka daɗe da kafa Sabo ko zango a cikinsu. Sai dai layukan nan uku babu wanda ya haɗu da ɗan'uwansa. Daga Idu zuwa Itakpe sai an shiga mota ta Lokoja. Daga Abuja zuwa Moniya ma mota ce ta wuni guda. Don haka a Najeriya mota ce ƙashin bayan tafiya, jirgi kuma guntaye ne da ake sakawa a inda suka dace.

Rana ce agogon matafiyi

A Zamfara, abin da ake fara tambaya kafin nisa shi ne lafiyar hanya. Mutanen wannan yanki ba su manta da daren 26 ga Fabrairu 2021 ba, lokacin da aka kwashe ɗalibai mata daga makarantar Jangebe, ko harin da aka kai Kwalejin Aikin Gona ta Bakura a watan Agusta na wannan shekara. A watan Satumba aka katse layukan waya a faɗin jihar, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka. Tsakanin Tsafe da Yankara kuwa an sha tare matafiya.

Daga wannan hali ne ƙa'idar tafiyar yau ta fito. Ba a yin sammakon asuba irin na da, lokacin da direba ke son ya ci rabin hanya kafin hantsi. Akan jira gari ya waye tangaran, motoci su fara kai da kawowa, jami'an tsaro su fito shingayensu. Ba a kuma bari la'asar sakaliya ta riski mutum a daji. Wannan ya bar wa matafiyi sa'o'i bakwai zuwa takwas, kuma a cikinsu ne za a cire tsayawa a shingen bincike, da sallah, da cin abinci, da jinkirin da aikin faɗaɗa titin Zariya zuwa Sakkwato ke jawowa a wuraren da aka karkatar da motoci.

Matambayi ba ya ɓata. Labarin hanya mafi sabo yana bakin direbobin da suka shigo tasha da safiyar nan. Kalma uku, "Direba, ya hanya?", sun fi duk wata taswirar waya amfani, domin taswira tana nuna gajeriyar hanya ne, ba ta san wadda aka daina bi ba. Wanda ya ga waya ta nuna masa yanke ta cikin ƙauyuka, to ya tsaya a kan babban titi.

Lokacin shekara ma yana da nasa hukunci. Dogon hutun makarantu yana faɗowa ne a tsakiyar damina, lokacin da ramuka ke cika da ruwa, duhuwa ta rufe gefen titi, manomi kuma ba ya iya barin gona. Hutun Disamba ya fi dacewa da wanda ya gama girbi, amma hazon hunturu yana rage gani da safe, mai noman rani a Bakolori kuma a lokacin yake shiga aiki. Jajibirin Sallah kuwa kuɗin mota kan tashi, tikitin jirgi ya yi wuya. Mai hutun da yake da zaɓi gara ya bari a sauko daga idi da kwana biyu ko uku.

Mahaɗa ce ke ɓata tafiya

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce za a tashi Mafara da safe a kama jirgin yamma a Rigasa a rana ɗaya. A takarda lissafin yana fita. A kan hanya kuwa taya ɗaya ta yi faci, ko tirela ta faɗi ta tare titi a Funtuwa, shi ke nan an rasa jirgi, an rasa kuɗin tikiti, an shiga Kaduna da dare ba masauki. Motar haya tana tashi ne idan ta cika, jirgi kuma yana tashi da agogo. Duk inda waɗannan biyu za su haɗu, sai an saka kwana a tsakani.

Tun daga 2021 ake sayar da tikitin layin Kaduna zuwa Abuja ta intanet. Bayan harin 28 ga Maris 2022, wanda aka dasa wa jirgin bam aka kashe fasinjoji aka sace wasu da dama, an dakatar da zirga-zirga har zuwa 5 ga Disamba na shekarar. Da aka dawo, sai aka wajabta lambar katin ɗan ƙasa wajen sayen tikiti. Magidancin da ke tafe da matarsa da mahaifiyarsa dole ya tabbata kowane babba yana riƙe da shaidarsa, sunan da ke kan tikiti kuma ya yi daidai da na kati. A watan Agusta 2025 jirgin ya sauka daga kan layi a kusa da Asham, aka sake tsayar da aiki na makonni. Don haka kafin a bar gida a duba jadawalin makon, a kuma riƙe kuɗin mota a gefe ko da jirgi zai ba da matsala.

Sai batun motar gida. Wanda ya tuƙo tasa har Kaduna ya hau jirgi zuwa Abuja, ya ɗaure kansa da dawowa Kaduna. Wannan ba aibi ba ne idan an tsara shi tun farko: a ajiye motar a gidan ɗan'uwa, a je Abuja a dawo a jirgi, a ɗauke ta a miƙa Kano ta Zariya. Daga Kano a biyo ta Gwarzo da Malumfashi a faɗo Funtuwa, a kamo hanyar gida. Ɓangaren Funtuwa da Zariya da Kano ya zama zobe. Wanda kuwa zai zarce Ibadan da Legas, motar haya ta fi masa sauƙi tun daga Mafara, domin ba abin da zai tilasta masa komowa ta inda ya bi.

Lissafin kwana da na aljihu

A kwana goma, zango biyar sun isa. Misali, kwana ɗaya a Gusau, biyu a Zariya, ɗaya a Kaduna, biyu ko uku a Abuja, biyu a Kano, a bar rana guda ba a ɗora mata komai ba. Wannan ranar ita ce ke shanye duk wani jinkiri. Zangon da ke da ranar da ba ta motsi, kamar ganin likita a asibitin koyarwa na Shika ko ɗaurin aure, shi ake fara kafawa, sauran su jeru a gefensa.

Kwana biyu a gari ɗaya yana nufin wuni guda cikakke. A Zariya wannan wuni ya isa a kai yara harabar Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962, a shiga birni su ga ganuwa da tsohon Masallacin Juma'a, aikin Babban Gwani Mika'ilu. A Kaduna akwai Arewa House, tsohon gidan Sardauna. A Kano akwai Gidan Makama, da dutsen Dala, da marinar Ƙofar Mata, da kasuwar Kurmi. Wanda ya cusa gari bakwai a kwana goma zai dawo da tunanin kujerar mota kawai.

Malaman Malikiyya ma sun ba matafiyi ma'aunin da ke shiga wannan lissafi. Tafiyar da ta kai mil 48, wato kimanin kilomita 80, ana yi mata ƙasaru, wanda kuma ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari ɗaya zai cika sallarsa. Yana da kyau a san wannan tun a gida, a kuma duba inda Juma'a za ta riski ayari.

A ɓangaren kuɗi, komai ya sauya daga 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 a cikin kwanaki, ta kuma taɓa wuce 1,000 a ƙarshen 2024. Tun daga nan ƙa'idar ta zama mai sauƙi: mutum ɗaya ko biyu, motar haya ta fi araha; iyali mai mutum biyar ko shida, motar gida ko shatar mota kan fi. Amma mai motar gida ya haɗa da kuɗin bakanike kafin tashi, da safaya taya mai lafiya, da jak, da takardun mota da lasisin da bai ƙare ba, don jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra za su tambaya.

Akwai kuma kashe-kashen da ba a rubutawa amma su ne ke cinye guzuri: tsaraba ga kowane gidan da aka sauka, ɗan abin da ake ba yaran gida, kuɗin Keke Napep daga Rigasa zuwa cikin gari, tasi daga Kubwa ko Idu. Sauka a gidan dangi yana rage kuɗin otal, amma a sanar da su tun da sauran kwanaki, musamman a Abuja inda yawancin ma'aikata ke zaune a ɗaki biyu. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya koya wa kowa ya raba ƙafa, wani abu a hannu wani a banki.

Yadda abin yake a Turai

Ɗalibai da 'yan kasuwa da ma'aikatan wannan yanki da ke samun damar zuwa Turai sukan tarar da tsarin a juye. A can jirgin ƙasa ne ƙashin baya, mota kuma ta shiga ƙauyuka da tsaunuka. Faransa ta fara jirginta mai gudu tsakanin Paris da Lyon a 1981. Tun 1994 jirgin Eurostar ke bi ta ƙarƙashin teku daga Landan zuwa Paris, tafiyar sa'a biyu da 'yan mintuna. Akwai tikitin Eurail, wanda aka ƙirƙiro a 1959 domin baƙin da ba mazauna nahiyar ba, kuma yana aiki a ƙasashe 33. Yarjejeniyar Schengen, wadda aka sa wa hannu a 1985 ta fara aiki a 1995, ta ɗauke binciken iyaka tsakanin ƙasashen da yanzu suka kai 29.

Duk da haka akwai tarkuna. Ɗan Najeriya yana neman bizar Schengen ne daga ƙasar da zai fi daɗewa a cikinta, ba ta wuce kwana 90 a cikin 180, kuma ba ta shigar da shi Ingila, wadda ke da tata biza daban. Tikitin Eurail bai ɗauke biyan kuɗin kujera a jiragen Faransa masu gudu da Eurostar ba. Wanda ya ɗauki motar haya a wata ƙasa ya ajiye a wata zai biya ƙarin kuɗi mai nauyi, matsalar da ta yi kama da ta mai barin mota a Kaduna. Tsofaffin biranen Italiya suna da unguwannin da kyamara ke cin tarar duk baƙuwar motar da ta shiga. Suwizalan da Ostiriya suna buƙatar a sayi izinin hawa manyan tituna. A Ingila da Ayalan kuma ta hannun hagu ake tuƙi, yadda Najeriya ke yi kafin 1972.

Masu tsara irin wannan hutu a can sun tsaya a kan abubuwan da madugu ya sani: a rage yawan zango, a bar rata a mahaɗa, a yi amfani da jirgi tsakanin manyan birane, a ɗauki mota a inda layi bai kai ba. Abin da suka fi Bazamfare da shi biyu ne, layukan da suka haɗu da juna, da hanyar da ake bi dare da rana.

Layin Ƙaura

Abin da ke da ciwo shi ne Zamfara ta san jirgin ƙasa tun kafin a haifi kakannin yaran da ake kaiwa Rigasa kallo. Layin da ya taso daga Zariya ya biyo Funtuwa da Gusau ya isa Ƙaura Namoda a 1929. Shi ya kwashi gyaɗa da auduga da fatu na wannan ƙasa zuwa bakin teku, shi ya ɗaga Gusau ta zama garin ciniki. Yau ba layi ba ne da wani magidanci zai gina tsarin tafiyarsa a kai.

Sababbin ayyukan da aka aza harsashinsu a 2021, na Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi ta Daura da Katsina da Jibiya, za su amfani Arewa idan aka kammala su, amma babu wanda ya taɓa ƙasar Zamfara. Da layin Ƙaura yana aiki da jadawali da tsaro, da mutumin Mafara tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba zai yi a mota zuwa Gusau, ya hau tarago da iyalinsa. Manomin Bakolori ma da ya samu hanyar fitar da shinkafa da tumatir ba tare da tsadar tirela ba.

Talata Mafara da Bakura da Maradun kowannensu ya fitar da gwamna: Abdul'aziz Yari, Ahmad Sani Yariman Bakura, da Bello Matawalle. Yanki mai irin wannan murya a siyasa yana da bakin da zai nemi a saka layin Zariya zuwa Ƙaura Namoda a cikin kasafin kuɗin tarayya, a kuma tsare titin Gusau zuwa Funtuwa yadda ya kamata. Wakilan jihar a Majalisar Tarayya da sarakuna da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi su haɗa kai a kan wannan buƙata. Kafin ta biya, duk mai shirin irin wannan tafiya daga yammacin Zamfara ya tashi bayan gari ya waye, ya yada zango kafin la'asar ta yi sanyi, kuma kada ya sayi tikitin Rigasa na ranar da ya bar gida.